Injin CEK da na Krivine: hadda ce, ko akwai inda suke fitowa?

Lawali:
Assalamu alaikum jama'a. Ina cikin damuwa, kuma na san gidan nan ba a rasa manya. Wannan zangon muna karatun lissafin lamda. Farkonsa bai ba ni wuya ba, don abubuwa uku ne kawai: harafi irin x, fonksiyo irin λx.t, sai miƙa wa fonksiyo kaya, wato t u. Doka kuma ɗaya ce: (λx.t) u ya koma t, a sa u duk inda x yake. Da aka zo kan injuna ne kaina ya kulle. SECD, CEK, injin Krivine, wato injunan da ake zanawa a takarda don su gudanar da jimlar lamda taki bayan taki. Na kwafe dokokinsu a kaye, na haddace su kamar jadawalin sau. Ranar gwaji sai aka kawo CEK an sauya masa doka ɗaya, aka ce mu cika sauran. Wallahi har aka karɓi takardu ban rubuta layi biyu ba. Daga ina dokokin nan suke fitowa? Wani ne ya zauna ya ƙago su, mu kuma namu hadda? Saura kwana 12 jarrabawa.

Hadiza:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, ni ma na bi ta nan. Ka taɓa rubuta tafintan lamda da hannunka, wato manhajar da za ka ba ta jimla ta fitar maka da amsarta, ko da ƙarami?

Lawali:
Na rubuta da Python, Yaya Hadiza. Na farko da musanya na yi shi, kamar yadda dokar ta ce, amma yana da nauyi. Sai na sake shi, ina ajiye ƙimar haruffa cikin tebur guda. Wannan ya fi sauri, sai dai wani lokaci yana ba da amsar da ba ita ba. Kuma duka biyun, in jimla ta yi zurfi, Python yana tsayawa ya ce kira ya yi yawa.

Malam Isuhu:
Wa alaikumus salam. Lawali ɗana, na ji daɗi da ka kawo tambayar yanzu ba daren jarrabawa ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ba hadda ba ce. Kowanne cikin injunan nan ana fitar da shi daga dokokin harshen, kamar yadda matan garin nan suke fitar da mai daga gujiya. Man yana ciki tun farko, matsa ce aikinka.

Alonzo Church ya shimfiɗa lissafin lamda a Princeton cikin shekarun 1930, lokacin babu kwamfutar da za ta gudanar da shi. Dokarsa ta mai alƙalami ce. Kai mutum kana kallon jimla gaba ɗayanta, idonka ya faɗa inda za a rage, ka goge x ka rubuta u. Inji ba shi da ido. Abin da ke gabansa yanzu kawai ya sani, kuma dole kowane taki nasa ya zama ƙarami, mai arha, wanda ba ya buƙatar shawara. Abubuwa biyu ne kake yi a ka ba tare da ka lura ba: kana tuna abin da kowane harafi yake nufi, kana kuma tuna inda ka tsaya da abin da ya rage maka. Ka fito da na farko fili, ka sami kundi. Ka fito da na biyu fili, ka sami tari. Jimla, kundi, tari: injin takarda ke nan. Matsalolinka biyu na Python ma su ne waɗannan biyun. Turo mana jimlar da ta ba ka amsar banza, mu fara da ita.

Sanusi:
Malam ku gahwarce ni, amma ni ban ga mi wanga karatu zai yi ma yaro ba. Shekara huɗu ina rubuta ma ƴan kasuwa manhaja a garin ga, mai siminti, mai hatsi, mai kayan babur. Ba wanda ya taɓa tambayata lamda. Lissahin kaya da bashi su ka so. Yaro ya koyi JavaScript ya samu na tuwo, ya hi mishi injin da ba a iya taɓawa.

Lawali:
Ga ta, Malam. Na ƙara lambobi don a gani sosai:

(λx. (λf. (λx. f 0) 2) (λy. x)) 1

Na musanya yana ba da 1. Na tebur yana ba da 2.

Hadiza:
Na musanya ne mai gaskiya. Bi ta da hannu ka gani. Sa 1 a gurbin x na waje, λy. x ya zama λy. 1. Shi x na ciki, wanda zai karɓi 2, wani mutum ne daban, suna kawai suka haɗa. Duk abin da ya biyo baya, f ya riga ya zama fonksiyo mai mayar da 1.

A tafintanka na biyu kuwa tebur ɗaya ne ga kowa. Lokacin da aka haifi λy. x, tebur yana cewa x=1. Kafin a kira f, an shafe an rubuta x=2. Da f ya je dubawa sai ya tarar da 2. Kamar gida ne mai Abdu biyu, an ba ka saƙo ka kai wa babban, ka iske ƙaramin a zaure ka miƙa masa.

Maganinsa: in ka auna λy. x, wato ka nemi ƙimarsa, kada ka mayar da fonksiyon tsirara. Haɗa shi da kundin da ke nan ranar da aka haife shi, ka ɗaure su wuri guda. Ni ƙunshi nake kiransa. Duk inda ya je da kundinsa yake tafiya, in an kira shi nasa zai buɗe, ba na mai kiran ba. Kuma kada ka ji kunya, harshen kwamfuta na Lisp ma a farkonsa haka yake yi, kundin mai kira yake dubawa. Scheme, wani reshen Lisp, shi ne a 1975 ya tsaya kan ƙunshi.

Sanusi:
Tsaya Hadiza. Wanga ya tuna min da wani abu. Bara na yi ma wani mai hatsi shahi mai maɓalli ukku: hatsi, dawa, wake. Ka danna ya nuna kuɗɗin tiya. Na jera su da JavaScript cikin madauki, wato umarni mai maimaita aiki, da var i. Da na kai mishi shago, ko wane ya danna sai ya hito babu komi. Gaban yaransa hwa. Kwana biyu ina nema, daga baya wani ya ce in sa let wurin var, ya gyaru, ban san dalili ba har yau. Shi ne wanga?

Hadiza:
Ɗan'uwansa ne, Yaya Sanusi, amma ba shi ba ne. JavaScript yana yin ƙunshi daidai. Matsalar ita ce da var, ƙunshin nan uku kundi ɗaya suka riƙe, mai gurbin i guda ɗaya. Madauki ya gama juyawa ya bar i a kan 3. Sai an danna maɓalli ake buɗe kundin, a tarar da 3, kai kuma kayanka 0, 1, 2 ne, babu na 3. Shi let, da ya shigo a 2015, kowane zagaye sabon gurbi yake yanka wa i. In ka zana injin a takarda, kibiyoyi uku za ka gani suna nuna akwati ɗaya, cikin minti biyar ka gano abin da ya ci maka kwana biyu.

Sanusi:
To. Wanga kam na karɓa. Amma har yanzu kundi kuka nuna min, ban ga inji ba.

Malam Isuhu:
Ga shi nan tafe, Sanusi. Lawali, ɗauki kaye. Da gyaran Hadiza, tafintanka layi uku ne. Bari in kira shi auna, e kuma kundi:

auna(x, e) = duba x cikin e
auna(λx.t, e) = ƙunshi [x, t, e]
auna(t u, e) = auna t ka sami [x, b, e'], auna u ka sami v, sannan auna(b, e' da x=v)

Wannan ita ce ma'anar harshen ta hanyar aiki, irin mai babban taki: daga jimla kai tsaye zuwa ƙima. Gilles Kahn ya yi rubutu a kan irinta a 1987.

Yanzu dubi layi na uku da kyau. Lokacin da ka shiga auna t, wa yake tuna maka cewa akwai u yana jira? Ba kai ba ne, Python ne, a cikin nasa tarin da ba ka gani. Tarin nan kuma Python ya sa masa iyaka, kira 1000 in ba ka sauya ba. Shi ya sa yake tsayawa. To mu karɓe wannan aikin daga hannunsa. Mu ƙara wa auna abu na uku, k, wato saura: abin da za a yi da amsar in ta fito. Sai ka tambayi kanka, saura iri nawa ne za su iya kasancewa? Ƙirga su daga layukan nan, kada ka ƙago. Ko dai ba abin da ya rage, mu kira shi GAMA. Ko ina auna t, u yana jira da kundinsa, mu kira shi KAYA(u, e, k). Ko ina auna u, fonksiyo yana jira a hannu, mu kira shi KIRA(f, k). Uku ne, babu na huɗu, don layi na uku wuri biyu kawai yake da jira.

Sai ka sake rubuta komai ba tare da wani ya jira wani ba. Baka mai abu uku jimla ce da kundi da saura, su ne C da E da K na sunan CEK. Mai abu biyu kuma saura ne da ƙimar da ta fito:

1. ⟨x, e, k⟩ → ⟨k, e(x)⟩
2. ⟨λx.t, e, k⟩ → ⟨k, [x, t, e]⟩
3. ⟨t u, e, k⟩ → ⟨t, e, KAYA(u, e, k)⟩
4. ⟨KAYA(u, e, k), f⟩ → ⟨u, e, KIRA(f, k)⟩
5. ⟨KIRA([x, b, e'], k), v⟩ → ⟨b, e' da x=v, k⟩

In ka kai ⟨GAMA, v⟩, v ce amsa. Buɗe kayenka ka gwada da CEK ɗin da ka haddace, wanda Matthias Felleisen da Daniel Friedman suka fitar tsakiyar shekarun 1980. Layin auna na uku ne ya tsage gida uku ya zama doka ta 3, ta 4 da ta 5.

Dabarun nan biyu, fito da saura fili da mayar da shi ƴan alamu masu ƙirguwa, John Reynolds ne ya nuna su a 1972. A 2003 Ager, Biernacki, Danvy da Midtgaard, a Aarhus ta ƙasar Danmak, suka nuna cewa in ka bi su a jere, daga tafinta za ka faɗo kan CEK, ko kan injin Krivine, gwargwadon tafintan da ka fara da shi.

Lawali:
Malam ku yi haƙuri da jinkiri, kuran ya ɗauke a Bagalam, sai da na kai salula wurin mai caji. Na zauna da fitila na bi su ɗaya bayan ɗaya. Allahu akbar, shi ne, harafi da harafi! Sunayen kawai suka bambanta. Kuma yanzu na ga me ya sa KAYA yake ɗauke da e amma KIRA ba ya ɗauke da shi: u ba a auna shi ba tukuna, yana buƙatar kundi, f kuwa ya riga ya zama ƙunshi, nasa yana cikinsa. Wata biyu ina haddace wannan ban taɓa tambayar dalili ba. Da wuta ta dawo na rubuta shi da madauki ɗaya, jimlar da take kashe Python ta wuce lafiya.

Malama Baraka:
Sannunku da aiki. Na karanta tun daga sama. Malam Isuhu, bayaninku ya yi kyau, amma ina da ja a wuri biyu, kuma don yaron nake yi.

Na farko, kada a sa masa a rai cewa haka tarihi ya tafi. Peter Landin ya fitar da SECD a 1964, ba daga wasu dokoki ya matso shi ba, basira ce da gwaji. Sai a 1975 Gordon Plotkin ya zauna ya tabbatar da cewa injin yana ba da amsar da musanya take bayarwa. Darussansa na Aarhus, da suka kafa ma'ana mai ƙaramin taki, wato mai rage jimla gaɓa ɗaya bayan ɗaya, na 1981 ne. Inji ya riga dokoki da shekaru. Ni a wurina yaro ya fara tuƙa injin da hannu, da alli da ƴan guntayen takarda a matsayin tari, har jikinsa ya saba, sannan a nuna masa asali. Shekara 14 ina koyar da lissafi a lise, ban taɓa ganin wanda ya gane hujja kafin ya saba da abin da ake kafa wa hujjar ba.

Na biyu ya fi muhimmanci. Babban taki yana da makanta. Ɗauki 1 2, wato an miƙa wa lamba kaya kamar fonksiyo ce. Ta maƙale, ba doka. Ɗauki Ω, wato (λx. x x)(λx. x x), wadda take komawa kanta har abada. A babban taki duka biyun abu ɗaya za ka ce: ba su da ƙima. Alhali ɗaya mota ce da ta mutu, ɗaya mota ce da ba ta da birki. Ƙaramin taki yana raba su. Shi ya sa na fi son a fara daga can.

Lawali:
Malama, daga ƙaramin taki ma ana isa ga injin?

Malama Baraka:
Ana isa, ɗana, kuma hanyar ta fi daɗin gani. A ƙaramin taki kowane zagaye abu uku kake yi. Ka shiga cikin jimla ka nemo gaɓar da za a rage. Ka rage ta. Ka mayar da sakamakon gurbinsa, jimla ta koma cikakkiya. Sai ka koma bakin ƙofa ka sake shiga neman ta gaba.

Ka ga wahalar? Kamar an aike ka babbar kasuwa cefane, ka sayi tumatir, ka fito har bakin titi, ka sake kutsawa neman albasa, alhali mai albasar yana jikin mai tumatir. Gwada da 1+(2+(3+...)) mai zurfi 1000. Shigar farko taki 1000, ta biyu 999, haka har ƙasa. Jimillarsu 500,500. Wanda bai fita ba, shiga ɗaya da fita ɗaya zai yi, wajen taki 2000.

Olivier Danvy da Lasse Nielsen, farkon shekarun 2000, suka ce a haɗa mayarwa da sake nema su zama abu ɗaya: bayan ka rage, tsaya inda kake, ka riƙe hanyar da ka biyo a hannu, ka ci gaba da nema daga nan. Yanzu rubuta hanyar. Ko kana bakin ƙofa. Ko ka shiga hagu, u yana jira a dama. Ko ka shiga dama, ƙima tana jira a hagu. Nawa ka ƙirga?

Lawali:
Uku! GAMA, KAYA, KIRA!

Malama Baraka:
Su ne. Abin da za ka samu inji ne mai musanya. In ka jinkirta musanyar, ka riƙa rubuta ta a kundi maimakon ka bi jiki kana gogewa, CEK ya sake fitowa.

Malam Isuhu:
Malama, ja na biyu na karɓa gaba ɗaya, gaskiya ce. Abin da zan ƙara kawai, da zarar an matso injin daga babban taki, makantar ta warke, don shi injin ƙaramin taki yake yi: 1 2 zai tsaya a doka ta 5 ya rasa ƙunshi, Ω kuma zai yi ta juyawa kana kallo.

Na farkon ne ban sakar miki duka ba. Tarihin haka yake, ban musa ba. Amma ba dole ɗalibi ya sha wahalar da Landin ya sha ba. Lawali ya tuƙa injin wata biyu, da aka taɓa doka ɗaya ya rasa ta cewa. Kuma ko SECD ɗin, Danvy ya bi hanyar nan da baya a 2004, ya warware shi har ya fito da tafintan da ke ɓoye a cikinsa. John Hannan da Dale Miller ma, tun wajen 1990, sun bi wata hanyar: suka ɗauki dokokin babban taki suna gyara su kaɗan kaɗan, kowane gyara da hujjarsa, har kowace doka ta zama sharaɗi ɗaya take da shi, sai ta karantu a matsayin takin inji. Abin da nake so a nan, hujjar tana tafiya tare da ginin. Ba sai ka gama gini ka dawo kana addu'a ya tsaya ba.

Malama Baraka:
Wata biyu yana hadda, Malam, ba tuƙi ba. Da ya bi jimla goma da hannu, da ya ga e yana yawo ya tambayi dalili da kansa. Kuma ba don haddar ba, da bai gane fuskar CEK ba lokacin da ya faɗo daga alƙalaminku. Ina nan kan bakana.

Malam Isuhu:
Wannan ta ƙarshen kam akwai ƙamshin gaskiya. Mu bar ta a buɗe, mu ga yadda ƴan ajin bana za su yi.

Sanusi:
Ni tambayata ta ɗan kasuwa ce. In duk daga doka guda su ka hito, don mi injuna su ka yi yawa? Wane ya hi?

Hadiza:
Don dokar Church ba ta faɗi wanda za a fara ragewa ba, Yaya Sanusi. Kai ne za ka zaɓa, kuma zaɓinka shi ne injinka. CEK yana auna kaya kafin ya miƙa, kira da ƙima ke nan. Sauya tafintan Malam kaɗan: kada ka auna u, ƙunshe shi da kundinsa ka miƙa haka nan, sai an buƙace shi a buɗe. Kira da suna ke nan. Ka sake matsawa, KIRA ya ɓace don ba a jiran kaya, dokoki uku suka rage, s shi ne tari, c kuma kayan da aka ƙunshe:

⟨t u, e, s⟩ → ⟨t, e, (u, e) bisa s⟩
⟨λx.t, e, c bisa s⟩ → ⟨t, e da x=c, s⟩
⟨x, e, s⟩ → ⟨t', e', s⟩ in e(x) = (t', e')

Injin Jean-Louis Krivine ke nan. Ya daɗe yana yawo hannu da hannu tun shekarun 1980 kafin a buga shi a mujalla a 2007.

Jiya da dare na gwada su da (λx. λy. y) Ω. Krivine taki biyu ya yi: ya ɗora Ω bisa tari, ya rubuta shi a kundi da sunan x, ya tarar da λy. y tari babu komai, ya tsaya. Bai ko leƙa cikin Ω ba. CEK kuwa ya ce sai ya auna kayan tukuna, ya shiga bai fito ba.

Sai na ba su Ω tsurarta, na sa su buga kowane taki. A nan na ga abin da ban zata ba. CEK yana zagaye taki biyar biyar, k ba ya ƙaruwa ko kaɗan, zai iya kwana yana yi. Krivine kuwa kowane zagaye sai ya ƙara tsawo da taki ɗaya, don x yana nuna wani x na tsohon kundi, shi ma yana nuna wani, sarƙa tana ta tsawo. SECD na Landin shi ma yana kumbura, amma ta wani gefen: kowane kira sai ya ajiye inda zai dawo, ko da ba abin da zai dawo yi.

Malam Isuhu:
Madalla da wannan gwaji, Hadiza. Kira da suna yana da wata asarar kuma: λx. x + x zai auna kayan sau biyu. Maganinta a auna sau ɗaya ranar da aka fara buƙata, a rubuta amsar a gurbin. John Launchbury ya rubuta dokokin wannan a 1993, Peter Sestoft ya matso inji daga cikinsu a 1997. Harshen kwamfuta na Haskell a wannan gidan yake. Sanusi, injunan nan ana taɓa su. Sunan harshen Caml daga wani injin takarda ya samo asali, CAM, na Cousineau, Curien da Mauny. Xavier Leroy ya zana injin ZINC a 1990, kuma zuriyarsa ce take gudanar da OCaml, magajin Caml, in ba a fassara shi zuwa harshen na'ura kai tsaye ba.

Sanusi:
Ban ce na bar JavaScript ba hwa, Malam. Amma a turo min dokokin nan biyar a hoto, in gwada zana maɓallaina da su.

Lawali:
Na koma kan tambayar gwajin da ta kayar da ni. An ce a fara auna kaya kafin fonksiyo. Na sauya tsari a layi na uku na auna, na sake matsawa:

3. ⟨t u, e, k⟩ → ⟨u, e, FONK(t, e, k)⟩
4. ⟨FONK(t, e, k), v⟩ → ⟨t, e, MIƘA(v, e, k)⟩
5. ⟨MIƘA(v, e, k), [x, b, e']⟩ → ⟨b, e da x=v, k⟩

Daidai ne? Kuma amsar jimla tana sauyawa in an juya tsarin?

Hadiza:
Ta 3 ta yi. Amma me e yake yi a cikin MIƘA, ƙanena? Kai da bakinka ka ce abin da aka riga aka auna ba ya buƙatar kundi. Dubi ta 5, da kundin wa ka buɗe b? Abdu ƙarami ya dawo zaure. Saka jimlarka ta ɗazu a ciki, 2 za ta ba ka.

Lawali:
Kai! Na gani. MIƘA(v, k) ne kawai, ta 5 kuma e' da x=v. Na gwada, 1 ta fito.

Malama Baraka:
Yauwa. Game da tambayarka ta biyu: in jimla tana da ƙima, ƙimar ɗaya ce ta kowane tsari. Bambancin yana fitowa inda abu ya lalace ko inda ake buga wani abu a allo. Gwada (1 2) Ω. Mai fara hagu zai maƙale nan take, mai fara dama zai shiga Ω bai dawo ba. SECD na Landin ma dama yake farawa, saboda haka kada ka yi mamaki in ka gan shi a jarrabawa. Ga aikin gida: jimlar nan taka mai 1 da 2, bi ta a injin Krivine da hannu, kowane taki layinsa, kundi a rubuce cikakke, kada ka tsallake ko ɗaya. Ka kawo min a takarda, ba a salula ba.

Malam Isuhu:
Asabar bayan la'asar ina gida a Ali Dan Sofo, akwai allo a zaure. Lawali ka zo da abokan ajinka, a ƙara wa harshen "in kaza, to kaza, in ba haka ba kaza", ku ƙirga min saura nawa za su ƙaru kafin ku iso. Malama, in kin samu hali ki zo da guntayen takardunki.

Lawali:
In sha Allahu muna tafe mu huɗu, Malam. Na ƙirga, ɗaya ne zai ƙaru, mai riƙe rassan biyu da kundinsu yana jiran sharaɗi. Malama, ina kan aikin Krivine, na kai inda aka ɗora 0 bisa tari ana neman f a kundi.